Yadda Za Ka Fahimci Danshin Iska, Ka Auna Shi, Ka Kuma Shawo Kansa

Da asuba ka duba hasashen yanayi a waya, ta ce danshin iska kashi 87 ne cikin 100. Bayan azahar ka sake dubawa, sai ga shi ya sauka zuwa kashi 38. Ba a yi ruwa ba, iska ba ta juya ba. To, ina ruwan da ke cikin iskar ya shiga?

Babu inda ya je. Sau da yawa yana nan yadda yake tun safe, zafi ne kawai ya ƙaru. Wanda ya gane wannan ya ci rabin darasin, domin kusan duk kuskuren da ake yi game da danshi daga nan yake tasowa: a ɗauki lambar nan ta kashi cikin ɗari kamar ita ce yawan ruwan da ke cikin iska. Ba ita ba ce. Za mu bi abin daki-daki, daga fahimta zuwa awo, sannan zuwa gyara.

Mataki na farko: raba abu biyu da ake cakuɗawa

A cikin iska kullum akwai ruwa a siffar tururi wanda ido ba ya gani. Farin hayaƙin da ke tashi daga bakin tukunya ba shi ne tururin ba, wannan ƙananan ɗigon ruwa ne da suka riga suka fara komawa ruwa. Tururi na ainihi ba shi da launi, kuma ko a inda ya fi yawa a duniya da wuya ya wuce kashi 4 cikin 100 na iska.

Abu na farko shi ne nauyin tururin: giram nawa ne na ruwa a cikin mita kubik ɗaya na iska, wato akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Abu na biyu shi ne kason danshi, lambar da waya ke nuna maka. Ita kwatanci ce tsakanin tururin da ke nan yanzu da iyakar tururin da zai iya kasancewa a wannan zafin. Iyakar kuwa ba a tsaye take ba, tana hawa da sauka tare da zafi.

Ga iyakokin, kuma ya dace ka rubuta su a takarda domin za mu yi ta komawa gare su. A digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, iyakar kusan giram 4.8 ce a mita kubik ɗaya. A digiri 10, giram 9.4. A digiri 20, giram 17.3. A digiri 25, giram 23. A digiri 30, giram 30.4. A digiri 35, giram 39.6. A digiri 40, giram 51. Lura da yadda take tsalle: duk digiri ɗaya da aka ƙara, iyakar na ƙaruwa da kashi 6 zuwa 7 cikin 100, don haka duk digiri goma ko goma sha ɗaya sai ta kusa ninkawa.

Yanzu koma kan safiyar nan. A ce akwai giram 15 na tururi a iska, zafi kuma digiri 20. Raba 15 da 17.3, ka samu kashi 87. Rana ta take, zafi ya kai 35, tururi yana nan giram 15. Raba 15 da 39.6, ka samu kashi 38. Ruwa ɗaya, lamba biyu. Shi ya sa a yawancin ranaku kason danshi yake kaiwa ƙololuwa gab da fitowar rana, lokacin da gari ya fi sanyi, ya faɗi ƙasa bayan azahar.

Bari in tsaya kan wata magana da ake yawan faɗa, cewa iska mai zafi tana "ɗaukar" ruwa fiye da mai sanyi, kamar soso. Maganar tana taimakawa wajen tunawa, amma ba haka abin yake ba. Tun a 1801 zuwa 1802 masanin Ingila John Dalton ya nuna cewa yawan tururin da zai tsaya a wuri ya dogara ne ga zafin wurin, ko akwai iska ko babu. Abin da ke faruwa shi ne, a kowane lokaci wasu ƙwayoyin ruwa suna tserewa daga ruwa su zama tururi, wasu kuma suna dawowa. Zafi yana ƙara wa masu tserewa ƙarfi. Idan masu fita da masu dawowa suka yi daidai, an kai kashi 100. Wani abin mamaki kuma: iska mai danshi ta fi busasshiya rashin nauyi, domin a ma'aunin da masana ke kwatanta nauyin ƙwayoyi da shi, nauyin ƙwayar ruwa 18 ne, matsakaicin na ƙwayar busasshiyar iska kuwa kusan 29. Nauyin da mutum ke ji a ranar da gari ya yi cukus daga fatarsa yake, ba daga nauyin iskar ba.

Mataki na biyu: koyi matakin raɓa

Idan da za a ce in zaɓi lamba ɗaya tak da zan riƙa dubawa, ba kason danshi zan zaɓa ba, matakin raɓa zan zaɓa. Shi ne zafin da idan aka sanyaya iska ta sauka zuwa gare shi, tururinta zai fara komawa ruwa. Iskar nan tamu mai giram 15, matakin raɓarta yana tsakanin digiri 17 da 18, da safe haka, da rana ma haka. Ba ya rawa da zafin rana, sai dai idan ruwan da ke cikin iskar ne ya ƙaru ko ya ragu da gaske. Raɓar da ke kwanta wa ciyawa da dare, da gumin da ke tsattsafo wa kwalbar ruwan sanyi, da hazon da ke rufe madubi bayan wanka da ruwan zafi, duk abu ɗaya ne: iska ta taɓa abin da sanyinsa ya kai matakin raɓa.

Akwai lissafin baki mai sauƙi. Cire kason danshi daga 100, ka raba abin da ya rage da 5, ka cire sakamakon daga zafin iska. Idan zafi digiri 30 ne, danshi kashi 70: 100 a cire 70 saura 30, a raba da 5 ya zama 6, a cire 6 daga 30 saura 24. Matakin raɓa digiri 24 ke nan. Wannan dabara tana aiki da kyau ne idan danshi ya haura kashi 50. Ƙasa da haka tana kaucewa, sai ka koma ga jadawalin giram.

Yadda jiki ke karanta shi kuwa: ƙasa da digiri 10 iska a bushe take, daga 10 zuwa 16 akwai daɗi, daga 16 zuwa 21 jiki ya fara danƙo, sama da 21 an shiga takura, idan ya kai 24 ko fiye har barci gagara yake yi. Kwatanta wurare biyu. Ɗaya zafinsa digiri 10, danshi kashi 90. Ɗayan zafinsa 35, danshi kashi 50. Wanda ya tsaya ga lambar kashi zai ce na farko ya fi ruwa, alhali giram 8.5 ne kacal a cikinsa, na biyun kuwa yana da kusan giram 20. Don haka duk wanda ya gaya maka kason danshi, tambaye shi: a wane zafi?

Mataki na uku: auna da hannunka

Hanya ta farko ba ta bukatar komai sai kofin ƙarfe mai ƙyalli ko gwangwani, da ƙanƙara, da ma'aunin zafi. Zuba ruwan da ya daɗe a ɗakin har rabin kofi. Rubuta zafin ɗakin. Sai ka riƙa jefa ƙananan gutsattsarin ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, kana motsawa a hankali da ma'aunin, idonka yana kan bayan kofin. Kada ka matso da fuska sosai, numfashinka zai ɓata awon. Da zarar ƙyallin kofin ya dushe da wani siririn hazo, karanta zafin ruwan: matakin raɓa ke nan. Gaggawa ce ke kayar da mutane a nan. Idan ka antaya ƙanƙara da yawa lokaci guda, ruwan zai zarce matakin kafin hazon ya bayyana, ka samu lambar da ta yi ƙasa. Maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici. Idan ɗaki yana digiri 30, hazo ya fito a 20, raba 17.3 da 30.4 ka samu kusan kashi 57. Lissafin masana da ke amfani da matsin tururi zai ba da 55, kuma wannan ɗan bambancin ba zai hana ka komai ba.

Hanya ta biyu ita ce ta ma'aunin zafi guda biyu. Bar ɗaya a bushe. Ɗayan ka naɗe kansa da ɗan ƙyallen auduga mai tsabta, ka jiƙa shi da ruwan da ba mai sanyi ba, ba mai zafi ba. Ajiye su a gaban fanka na wasu mintuna har lambar jiƙaƙƙen ta daina sauka. Ruwan da ke bushewa daga ƙyallen yana tafiya da zafi, don haka gwargwadon bushewar iska, gwargwadon nisan da zai shiga tsakanin lambobin biyu. Idan busasshen ya nuna 30, jiƙaƙƙen 25, danshi kusan kashi 67 ne. Idan jiƙaƙƙen ya sauka zuwa 20, kusan kashi 39 ne. Idan suka yi kunnen doki, iska ta ƙoshi.

Hanya ta uku ita ce ƙaramin ma'aunin danshi na lantarki, mai nuna zafi da kaso a fuska ɗaya. Asalin na'urar auna danshi tsoho ne. A 1783 masanin Siwizalan Horace-Bénédict de Saussure ya ƙera irinta da silin gashin mutum, domin gashi yana ƙara tsawo da kusan kashi 2 cikin 100 daga busasshiyar iska zuwa cikakken danshi. Na yanzu sun fi sauƙin sha'ani, amma ƙananan kan kauce da kashi 5 ko fiye, saboda haka kada ka yarda da naka sai ka gwada shi.

Gwajin da gishiri ake yi. Cika murfin kwalba da gishirin girki, ka ɗiga ruwa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, ba har ya narke ba. Sa murfin da ma'aunin a cikin roba ko leda mai rufuwa ruf, ba tare da gishirin ya taɓa na'urar ba. Ajiye inda zafi ba ya hawa da sauka, ka bar shi ya kwana, in da hali ya yi awa 24. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da iskar da ke kewaye da shi a kan kashi 75. Idan na'urarka ta nuna 70, ka san daga yau za ka riƙa ƙara mata 5. Rubuta hakan a jikinta. Sannan ka zaɓar mata mazauni: daidai tsayin ƙirji, nesa da hasken rana, nesa da murhu da ƙofar banɗaki, ba manne da bango mai sanyi ba. Yi mako guda kana rubuta zafi da kaso sau uku a rana, safe da rana da dare. Karatu ɗaya ba ya gaya maka halin ɗaki.

Mataki na huɗu: fassara abin da ka gani

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a riƙe danshin cikin gida ƙasa da kashi 60, mafi kyau tsakanin 30 da 50. Ƙasa da 30, leɓe da fata su tsage, hanci da maƙogwaro su bushe, katako ya motse har ya dare, ka taɓa ƙarfe ka ji ɗan jan lantarki. Sama da 60 zuwa 70 na kwanaki, fumfuna ta samu wurin zama, ƙananan ƙwarin ƙura da ke tayar wa masu asma ciwo su hayayyafa, ƙarfe ya yi tsatsa, ƙofar katako ta kumbura ta ƙi rufuwa.

Batun jiki shi ne ya fi damuna, domin a nan rai ke shiga. Zufa ba ta sanyaya mutum sai ta bushe. Kowane giram na zufa da ya zama tururi yana tafiya da zafi kusan jul 2,400 (jul ma'aunin makamashi ne). Wadda ta kwarara ta ɗiga ƙasa asara ce: jiki ya rasa ruwa da gishiri, bai sami sanyi ba. A iska mai yawan tururi bushewar tana tafiyar hawainiya, zafi ya taru a ciki. A 2010 masana biyu, Steven Sherwood da Matthew Huber, sun lissafa cewa idan jiƙaƙƙen ma'aunin nan ya kai digiri 35 na sa'o'i, jikin ɗan Adam ba zai iya fitar da zafinsa ba ko yana inuwa, domin zafin fata ma kusan 35 ne. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya a kan matasa masu lafiya sun nuna haɗarin yana farawa tun kafin a kai nan. Tsofaffi da jarirai da masu ciwon zuciya kuwa sun fi kowa saurin galabaita. Idan zafi da matakin raɓa suka haɗu suka hau, a rage aikin ƙarfi, a nemi inuwa, a sha ruwa. Wanda ya fara ruɗewa ko ya suma a cikin irin wannan zafi, a sanyaya shi da ruwa nan take, a garzaya da shi asibiti.

Akwai kuma abin da ma'auninka ba zai nuna ba. Yana iya cewa kashi 60 a digiri 22, ka ce lafiya lau, amma fumfuna tana cin kusurwar bayan kabad. Dalili shi ne bangon wurin ya fi ɗakin sanyi. Iskar ɗakin tana da kusan giram 11.6. Idan bangon yana digiri 15, inda iyaka take giram 12.8, to a jikin bangon danshi ya kai kashi 90. Fumfuna ba ruwanta da tsakiyar ɗaki, abin da ke jikin bango take ci.

Mataki na biyar: gyara

Kafin ka sayi wata na'ura, gano daga ina ruwan yake. Idan bango yana laima, manna masa leda ko takardar alminiyam mai faɗin tafin hannu biyu, ka rufe gefunanta duka da salatif, ka bar ta kwana biyu. Idan jiƙar ta fito a fuskar da ke kallon ɗaki, tururin ɗakin ne ke komawa ruwa. Idan a fuskar da ke manne da bango take, ruwan daga cikin ginin yake fitowa: yoyon rufi, fasasshen bututu, ko laimar da ke hawowa daga ƙasa. Wannan na biyun aikin magini ne ko mai gyaran famfo, babu na'urar da za ta magance shi.

Idan tururin ɗaki ne, fara da rage abin da ke samar da shi. Rufe tukunya. Kada ka yi shanya a rufaffen ɗaki, duk ruwan da ya bar kayan iska ya shiga. Buɗe tagar banɗaki bayan wanka, ka rufe ƙofarsa. Ka sani kuma ƙona gas ma ruwa yake haifarwa: kilo ɗaya na gas ɗin girki yana fitar da kusan kilo ɗaya da rabi na tururi. Janye kabad da gado daga bango gwargwadon faɗin hannu don iska ta ratsa.

Sai buɗe taga, inda darasin farko yake biyan wahalarsa. Ba kashi da kashi ake kwatantawa ba, giram da giram ne, ko matakin raɓa da matakin raɓa. A ce a waje digiri 10 ne da kashi 90, har da yayyafi, a ciki kuma digiri 25 da kashi 60. Waje giram 8.5, ciki kusan giram 14. Buɗe tagar, iskar waje za ta busar da ɗakin duk da yayyafin. Juya misalin: waje digiri 32 da kashi 60, wato kusan giram 20, ciki kuma ɗaki mai sanyi a digiri 22, inda iyaka take kusan giram 19. Idan ka buɗe, ka gayyato ruwa ya kwanta a daɓe da bango. Wannan ne ke jiƙa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ɗakunan ajiya a lokacin zafi, masu su kuma suna ta ƙara buɗewa da niyyar shan iska. Irin wannan ɗaki da asuba ko cikin dare ake buɗe shi, kuma bayan an kwatanta lambobin.

Na'urori kuma kowace da aikinta. Fanka ba ta rage danshi, ba ta ma rage zafin iska, tana dai kore jiƙaƙƙiyar iskar da ke manne da fata don zufa ta bushe. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa ƙara tururi take yi: a busasshiyar iska alheri ce, a mai danshi ƙarin wahala. Kwandishan kuwa yana cire ruwa da gaske, shi ne wanda kake gani yana ɗiga daga bututunsa, domin iska tana ratsa ƙarafa masu sanyin da ya wuce matakin raɓa. Don wannan aikin ma aka fara ƙera shi: a 1902 Willis Carrier ya tsara na'urarsa don wata maɗaba'a a Amurka, inda danshi ke kumbura takarda har launuka su kasa hawa daidai. Kwandishan da ya fi ƙarfin ɗaki yana saurin sanyaya shi ya tsaya kafin ya tatse ruwan, sai a zauna cikin sanyi mai danƙo, don haka girma ba shi ne inganci ba. Na'urar tsotse danshi ma da dabarar kwandishan take aiki, sai dai tana mayar da iskar da ɗan ɗumi. A rufe tagogi idan tana aiki.

Idan bushewa ce matsalarka, galibi ɗumama iska mai sanyi ne sanadi. Iskar digiri 0 mai kashi 80 tana da ƙasa da giram 4. A ɗumama ta zuwa 22, ta koma kashi 20. Rataya jiƙaƙƙen tawul, ko ka kunna na'urar ƙara danshi, amma ka riƙa sauya ruwanta kullum kana wanke ta, in ba haka ba ƙwayoyin cuta za ta riƙa fesa maka. Idan gilashin taga ya fara gumi, ka wuce gona da iri, sai ka rage.

Kayan ajiya kamar takardu, magunguna da kayan lantarki, a rufe su cikin mazubi mai toshewa a lokacin da iska take a bushe, a jefa ƴan ƙunshin silika masu tsotse danshi. Idan kuma za ka fito da kyamara ko kwamfuta daga ɗaki mai sanyin kwandishan zuwa waje mai zafi da danshi, sa ta cikin leda ka ɗaure tun kana ciki. Bar ta a haka kamar rabin awa, ko fiye idan babba ce, har ta ɗauki zafin waje. Raɓar za ta kwanta a bayan ledar maimakon cikin na'urar, sannan ka kwance ka kunna.